Numfashi Goma

Ranar da yayata ta yanke jiki ta faɗi a kan keken ɗinki, Manaja ko tashi daga kujerarsa bai yi ba. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinka kayan makaranta a kamfanin nan, a wata ukun ƙarshe kuwa ba hutun rana, kullum riga sittin. Likita ya ce hawan jini ne. Manaja ya ce ita ce ba ta iya zama da damuwa ba.

Washegari ya manna takarda kusa da agogo, da sa hannunsa ɓaro-ɓaro. Wai duk wadda ta ji ranta ya ɓaci, dole ta ajiye aiki, ta rufe ido, ta ja numfashi goma. Sannan ya lulluɓe keken Yaya da leda, ya ce in Litinin ta yi ba ta dawo ba, wata zai ɗora.

"Ranka ya daɗe, a rage mata rigunan mana," na ce.

"Ta koyi numfashi," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Wallahi na tsani mutumin nan, tsanar da har abinci ta hana ni ci. Na bi matan da muke ɗinki tare ɗaya bayan ɗaya a bakin famfo, na gaya musu shirina, mu goma sha tara, ba wadda ta ce a'a.

Ran Alhamis Hajiya mai kamfanin ta zo da shugabar wata makaranta, za su karɓi riga ɗari huɗu da ƙarfe huɗu. Saura hamsin. Manaja ya fito yana yanga, ya daka wa mai sa maɓalli tsawa kamar yadda ya saba.

"Ke, barci kika zo yi?"

Ta ɗage ƙafa daga keke, ta rufe ido. Ni ma haka. Kafin ka ce me, kekuna goma sha tara sun yi tsit, sai ƙarar fanka. Muka cika goma, muka ci gaba. Ya sake tsawa, muka sake tsayawa. A karo na huɗu Hajiya ta kasa haƙuri.

"Wai me ke faruwa ne?" in ji Hajiya.

Na nuna mata takardar. "Dokar Manaja ce, ranki ya daɗe. Mu kuwa in an yi mana tsawa, ranmu ɓaci yake."

Ta karanta har ƙasa. Sai idonta ya kai kan keken da ke cikin leda, ta tambaye ni ko na wa ne. Na faɗa mata komai, rigunan sittin, hutun da aka hana, har maganar Litinin. Ban rage masa ko zare ɗaya ba.

Da hannunta ta yaye ledar. "Keken nan zai jira mai shi," ta ce. "Kai kuma ka same ni a ofis."

Manaja ya juya zai nufi ofis. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa, ya dafe ƙirji. Na jawo kujerar Yaya na tura masa, ya zauna daɓas.

"Sannu, ranka ya daɗe," na ce. "Rufe ido. Goma ne kawai, ni zan ƙirga maka."

Na ƙirga da ƙarfi, a hankali, yadda kowa zai ji.