Karkataccen Batir

Duk layin an san Kafinta da hali guda: ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. In ya shigo gidanka gaisuwa, kafin ya amsa maka lafiya lau ya riga ya miƙe ya daidaita hoton da ke bango. Shekara talatin da huɗu yana aikin katako, kuma lebur ɗinsa, ɗan ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, bai taɓa barin aljihun rigarsa ba. Matarsa takan ce Allah ne ya rufa mata asiri, da ita ma sai ya ɗora mata shi a ka kafin ya aure ta.

Maƙwabcinsa likitan haƙori ne ya jefa shi cikin harkar jirgin wasa. Likita ya sayo wani ɗan jirgin ruwa na roba mai batir, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, ana tuƙa shi da rimot daga bakin ruwa. Kowace Asabar yakan kai shi tafkin lambun shaƙatawa, inda wasu dattawa shida ko bakwai, waɗanda ya kamata a ce sun girmi wannan sha'ani, suke tsere tsakanin jajayen jarkoki biyu da aka ɗaure a ruwa. Kafinta ya raka Likita sau ɗaya don kallo kawai. Ya ɗauki jirgin ya jujjuya, ya ga bakin haɗin robar ya ɗan goce, sai ya taɓe baki. A gaban kowa ya ce cikin wata guda zai ƙera na katako da hannunsa, in kuwa bai wuce na Likita ba, ya yarda a rataye jirgin a ɗakin jiran asibitin, masu ciwon haƙori su riƙa kallo suna samun sauƙi. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ɗin nan zai sa a buga ƙusar. Baki dai shi ke yanka wuya.

Jirgin ya fito da kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Kafinta ya goge katakon har mutum yana ganin fuskarsa a jiki. Ya ja layin fensir daga hanci zuwa wutsiya, ya ɗora inji a kan layin, ya ɗora batir a kan layin, ko kaurin gashi bai bari wani gefe ya fi wani ba. Ya ari bahon wankin matarsa ya cika da ruwa, ya sa jirgin, ya aza masa lebur. Ƙwayar iska ta tsaya cak a tsakiya. Ya kira ta ta zo ta gani, ta duba ta ce madalla, sannan ta tambaya ko za a iya ba ta bahonta.

Ranar gwajin farko ya danna rimot, jirgin ya zabura gwanin sha'awa. Bai yi taku ashirin ba sai ya kwanta ta gefen dama, ya yanki hanya ya faɗa cikin ciyawar bakin tafki. Haka Kafinta ya naɗe wando har gwiwa ya shiga ruwa, da furfurarsa da komai, ya ciro kayansa.

Daga nan fa aiki ya tashi. Yana da tsari, wannan ba a raba shi da shi: abu ɗaya yake canzawa a rana, ya gwada, ya rubuta daƙiƙoƙin a jikin wani guntun katako. Ya wasa fukafukan farfela da zarto mai laushi har suka yi kaifi. Ya ɗan ɗaga ta sama. Ya matsar da batir baya kaɗan don hanci ya tashi daga ruwa, amma a kan layin fensir. Ya sa farfela mai ɗan girma. Tafiyar da yake yi cikin daƙiƙa goma sha tara ta dawo sha huɗu, in da zai tafi miƙe ke nan. Sai dai duk gudun da ya ƙaru, kwanciyar ma ƙaruwa take, kuma in ya murɗa rimot don ya mayar da shi hanya, gudun ya zube.

Likita, mutumin kirki ne duk da tsokanarsa, ya same shi a bakin tafki ya yi masa bayani. Ya ce ai ba laifin katako ba ne, farfela gefe guda take juyawa, ƙarfin juyawar ne yake kwantar da jirgin. Kowa a nan batirinsa yana ɗan jingine da hagu don ya rama. Kafinta ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya tafi gida yana huci. Ya gaya wa matarsa wai abokin hamayya ne zai ba shi shawara ya karkata aikinsa da hannunsa. A wurinsa wannan kwaskwarima ce irin ta masu rufe ɓaraka da fenti. Abu in ya kauce, to akwai inda awo bai cika ba, kuma zai nemo wurin.

Ya auna cikin jirgin, ya auna bayansa, ya sake aunawa. Bai sami komai ba. Kwanaki suka yi ta ƙarewa, Likita kuma duk safiya in zai fita aiki sai ya leƙo ta kan katanga ya ce ƙusa tana gaisuwa.

Ana gobe tsere, da safe, Kafinta ya ɗora jirgin a kan teburin cin abinci, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Kurfin sassaƙa na hannunsa, ya yanke shawarar ɓare gindin jirgin ya sake sabo, alhali ya san gam ba zai bushe kafin gobe ba. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Yana ta hango jirginsa a rataye saman kujerun asibiti, duk wanda ya shigo riƙe da kunci sai an ba shi labari.

Matarsa ta ajiye kofinta ta ce, "Baban yara, kafin ka ɓare shi, leƙa ƙarƙashin teburin nan."

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, sai ya durƙusa. Teburin shi ya ƙera shi a shekarar aurensu, shi ne abu na farko da ya yi mata, kuma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa haɗin kusurwoyin. A ƙarƙashin ƙafar da ke jikin bango ya ga ɗan kwali an ninke shi uku an cusa.

"Mene ne wannan?"

"Kwali ne. Tun makon da ka shigo da teburin yake rawa, shayi na zuba. In ya lotse sai in canza wani ranar da ka fita aiki."

Ya zaro lebur ya aza, ƙwayar iska ta zauna a tsakiya. Ya zare kwalin, tebur ya gyaɗa kai, shayinsa ya fantsama a kan guntun katakon lissafi. Ya daɗe a durƙushe kafin ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa duk shekarun nan.

"Ranar da ka kawo shi, yadda na ga kana murna, ina zan iya? Kuma teburinka daidai yake. Daɓen ne ba daidai ba, mu kuwa a kan daɓen muke zaune."

Kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da bai san inda zai sa shi ba. Ya mayar da kwalin da hannunsa, ya tashi, ya ajiye kurfi. Ya buɗe murfin jirgin ya tura mata gabanta. Ta ciro batir, ta matsar da shi hagu kamar faɗin yatsa, ta ɗaure da robar da take ɗaure gashi. Ganin batir ya sauka daga layin fensir sai da Kafinta ya kau da kai, hannunsa har ƙaiƙayi yake.

Da yamma suka tafi tafki tare, karonta na farko. A gwaji na ɗaya jirgin ya rage kwanciya amma bai daina ba. Ta ƙanƙance ido ta bi shi da kallo, ta ce a kawo, ta ƙara rabin yatsa, ta ɗan karkata bakin batirin ciki. Ya tambaye ta awo nawa ke nan don ya rubuta, ta ce ya rubuta "kaɗan". A gwaji na biyu jirgin ya tsaga ruwa a miƙe tun daga jarka har jarka.

Ranar Asabar dattawa suka cika, har da waɗanda ba su da jirgi, don labarin ƙusa ya zaga. Matar Kafinta ta sami benci a inuwa ta zauna. Aka ce zagaye uku za a yi. A na farko jirgin Likita ne gaba, domin ya fi sanin kwana, Kafinta kuwa faɗi yake sha kamar mai tuƙa babbar mota. A na biyu ya gane in ya ɗan sassauta kafin jarka jirgin yana juyowa a tsuke. A miƙaƙƙiyar hanya ta ƙarshe katako ya ɗaga hanci ya kamo roba, suka jera, sannan ya wuce da tsawon jirgi guda, ba ƙari. Dattawa suka yi ta tafi, wani har hularsa ta faɗa ruwa.

Likita ya zo ya ba shi hannu yana dariya, ya ce ƙusarsa ta yi asarar baƙo. Sannan ya roƙi a buɗe masa murfi ya ga sirrin. Kafinta ya so ya ƙi, amma mutane sun riga sun kewaye shi. Ya buɗe. Ga inji a kan layi, ga layin fensir fes, ga batir can gefe a karkace, ɗaure da robar gashi mai ruwan hoda. Kowa ya shiga danne dariya, don babu wanda Kafinta bai taɓa gyara wa hoto ba a cikinsu.

Likita ya miƙa yatsa ya ce, "Malam Kafinta, batirinka ya goce. In daidaita maka?"

Kafinta ya riƙe masa hannu. Ya waiwaya wajen benci, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Bar shi yadda yake. Wadda ta fi ni sanin awo ce ta sa shi."

Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya tana kallon ruwa, kafaɗunta suna rawa.