Gaisuwar Sallau

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya a kara bai yi ƙwaya ba, Sallau ɗan Baiwa ya tafi cirani Nijeriya tun ba a gama tattara kara ba. Ya bar matarsa Fadima da yara, ya bar uwarsa tsohuwa, ya bar rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Yana can sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai. Da farko yakan kira ta salular maƙwabci, daga baya layinsa ya daina shiga. Sa'o'insa suka dawo da hadarin farko, shi shiru. Wannan ya ce ya gan shi Kano yana turin ruwa, wancan ya ce a'a, ya gangara kudu. Uban Fadima kuwa ya aiko daga Dawce: in ba a san inda mijinta yake ba, ta kwaso yara ta koma gida, ba zai bar jikokinsa su mutu a gidan da ba namiji ba.

Ranar kasuwar Matameye wani direba, Ɗanladi, ya yi sallama ya miƙo wa Baiwa ƙullin leda. A ciki wani ɗan baƙin abu ne, bai kai farce ba.

"Wani direba ya ba ni a Ɗan Barto, shi ma ba shi aka yi. An ce a kai wa uwar Sallau. Katin memwar ne, Iya, magana ce a ciki. Ki kai wa Lawwali bayan tasha ya sa miki."

Zamanin mijinta kaset ake aikowa, a sa a rediyo, gida duka a taru a ji. Yanzu an mai da muryar mutum kamar ƙwayar kabewa. Salular maƙwabci ba ta da wurin sa shi, don haka ta ƙulle abin a bakin zane ta nufi tasha.

Shagon Lawwali tun daga nesa ake jinsa. Gurup, injin ba da wuta, na ruri a ƙofa, wayoyi rataye ko'ina kamar hanji, salula jere a tebur suna shan wuta. A kusurwa ga tele, ga ƙarti masu gemu sun dunƙule suna danna abin wasa da manyan yatsu, suna kora 'yan ƙwallon da ba su da rai. Gari na cin ganye, su suna nan suna ƙona mai. Lawwali magidanci ne, ba yaro ba, kuma ba mugu ba ne. Abin da ke gare shi, hannunsa ya riga kansa. Duk wanda ya miƙo masa kati abu ɗaya yake so: a wanke birus ɗin da ke ciki, a cika shi da waƙoƙi da finafinan Kano da wasannin salula. Ya daɗe da daina tambaya.

Baiwa ta fara gaisuwa, ƙarar gurup ta cinye ta. Ya karɓi katin, ido ɗaya na kan tele.

"Zauna, Iya, yanzun nan."

Ta zauna a benci. Can ya juyo yana murmushi.

"Na wanke shi tas, na cika miki. Har wa'azi na zuba, don na ga ke babba ce."

"Ka wanke me?"

"Katin mana. Duk birus ne."

"Ina maganar ɗana?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska. Ya dubi odinater ɗinsa, kwamfutar da ya sa katin a ciki, ya dube ta. Ɗaya daga cikin masu wasan ya rage sautin tele.

"Iya, ai ba ki ce…"

"Ka bar ni na ce? Ka ma dube ni? Mutum ya kawo maka tulu, ka zubar da abin da ke ciki ba ka leƙa ba, sannan ka ce bai ce ba?"

Washegari ta kai ƙara. A ofis ɗin da aka nuna mata wani mai kaki ne zaune, ga mata cike da farfajiya suna jiran rabon hatsin agaji. Ya saurare ta, ya juya katin a tafin hannunsa.

"Ya ɓata?"

"Ga shi a hannunka."

"Ya karye?"

"A'a."

"To me aka sace, tsohuwa?"

"Muryar ɗana aka sace, ranka ya daɗe. Inda yake aka sace."

Ya nuna mata farfajiya da haɓa. "Kin ga abin da ke gabana. Zan sa ya saya miki sabo."

"In yi miya da shi?"

Aka kira na gaba.

Tun daga ranar Baiwa ta mai da ƙofar shagon wurin zamanta. Da hantsi take zuwa da 'yar tabarmarta, duk wanda ya zo da kati ta tare shi: "Riƙe abinka, ɗan nan, mai wanki ne a ciki." Wasu su yi dariya, wasu su juya. Lawwali ya kawo mata fura, ta ture. Ya aiko liman ya ba ta haƙuri, ta ce wa liman haƙuri bai san sunan garin da Sallau yake ba.

A ƙarshe Lawwali ya rufe shago ya hau mota zuwa Damagaram, wurin wani abokinsa da ke tsara wa odinater aiki. Ya dawo da wani abu da ya ce yana tono abin da aka share. Ya durƙusa gabanta ya yi bayani, bai ɓoye ba: abin da ya zuba sama ya danne na ƙasa, sai dai ɗan abin da waƙoƙin ba su hau ba.

Aka kashe tele, aka kori masu wasa. Fadima ta zo da goyo ta tsaya bakin ƙofa. Lawwali ya danna.

Tari ne ya fara fitowa, da ƙarar motoci a baya. Sannan muryar, ta dushe amma tasa ce.

"Salamu alaikum. Inna, ni ne Sallau. Ina kwana, ina gajiya? Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar taki? Ina gaida Fadima, ina gaida yara, yaya zazzaɓin ƙaramin? Ina gaida Kawu Isufu da iyalinsa. Ina gaida liman. Yaya awaki? Yaya ruwa, an samu shuka? A gaida mutanen unguwa, babba da yaro, kowa da kowa."

Bai tsallake kowa ba. Ita ta koya masa. Da muciya ta koya masa, yana yaro, cewa ɗan mutunci ba ya faɗa wa magana sai ya gama gaisuwa.

"To, Inna, abin da ya sa na aiko…"

Sai ƙara kamar ana yaga zane, sai wata yarinya ta ɓarke da waƙar soyayya. Lawwali ya kashe da sauri. Ya sake tonowa, ya sake, har zufa ta jiƙa masa riga. Iyakarta ke nan.

Fadima ta gyara goyonta. "Inna, Baba ya ce kasuwa mai zuwa zai turo amalanke a kwashe mu."

Baiwa ba ta juyo ba. Ba ta da abin da za ta riƙe Fadima da shi, ta kuma sani.

"Sake sa min," ta ce wa Lawwali.

Ya sake sawa. Tari, motoci, sallama. Ta matso da kunnenta kusa da akwatin da muryar ke fitowa.

"Yaya ƙafar taki?"

"Da sauƙi," in ji Baiwa.

"Yaya awaki?"

Awakin tun bazara aka ja mushen na ƙarshe zuwa bayan gari.

"Lafiya lau," ta ce.