Kati Mai Lamba Bakwai

Shagona ɗaki ɗaya ne da rabi. Na gaba yana kallon layi, nan nake jera biskit da kek a akwatin gilashi. Rabin yana baya, nan obin, murhun da nake gasa kaya, yake da buhunan fulawa da wurin wanke-wanke. Wata takwas ke nan da na buɗe, har yau 'yan layinmu ne kaɗai suka san da zamana. Abin da nake nema guda ɗaya ne, biskit ɗina ya samu wuri a babban kantin da ke bakin titi. Sau uku ina kai musu su ɗanɗana, sau uku ma'aikatan suna ce mini Hajiya mai kantin ba ta nan.

Da aka ba da hutun makaranta sai dabara ta faɗo mini. Zan tara yara ranar Asabar, awa biyu, su yi wa biskit kwalliya da hannunsu, kowa ya tafi gida da nasa. Kuɗin shiga kaɗan, abin da zai mayar da fulawa da sukari kawai. Iyayen nake hari. Uwa za ta zauna tana kallon ɗanta, in miƙa mata shayi da yankan kek, ta ɗanɗana, ta ga tsabtar wurin da idonta. Na saka talla a waya. Ranar Laraba sai ga saƙo, Hajiya mai kantin da kanta ta sa a rubuta 'yarta. Na karanta shi ya fi sau biyar.

Ban kashe wani abin kirki ba. Tsofaffin buhunan fulawa na wanke, tela maƙwabcina ya ɗinka mini su rigunan aiki na yara, ya kuma ara mini dogon teburinsa na yankan yadi. Na gasa biskit zalla, wasu na yanke da bakin kofi, wasu taurari. Na dama sukari kala huɗu na zuba a ƙananan ledoji, na ɗan tsaga musu baki don matsawa. Na aro kujerun roba goma sha biyu na jera wa iyaye a jikin bango. Na Hajiya kuwa daban na haɗa, kwali guda mai biskit iri shida, na ɗaure da zare na ajiye a saman akwatin gilashi.

Sai katunan. Ni uwa ce, 'yata Kumatu shekararta huɗu, kuma na san yadda zuciyata take yi in na waiga a kasuwa ban gan ta ba. Na ce ko da wata uwar za ta fita amsa waya, ko ta leƙa wani wuri, ba zan so wani ya zo ya ja hannun yaro ya wuce ba. Na yayyanka kwalin sukari, na rubuta lamba biyu-biyu. Ɗaya a maƙala a rigar yaro, ɗaya a ba wanda ya kawo shi.

Yayata ta zo taya ni. Ta ɗaga katunan tana juyawa.

"Ke wai biskit za a yi ko jarrabawa?"

"Yaya, ki dai tsaya a ƙofa ki riƙa bayarwa."

"To, shugabar makaranta."

Uwar farko ta zo da tagwayenta ƙarfe goma saura. Ina baya ina fito da tiren biskit, amma ina jin su. Ta karɓi katunan ta ce, "Wannan fa na mene ne?"

Yaya ta ce, "In kin dawo ki nuna, a ba ki 'ya'yanki."

"Au, ashe tafiya ake yi? Allah ya yi muku albarka."

Kafin in ajiye tiren in fito, har ta tsallaka kwata. Ta biyu ta ga ta farko ta tafi, ita ma ta karɓi nata ta juya. Ta uku ko sallama ba ta ƙarasa ba. Na fito ina cewa ga kujeru, ga shayi, ku zauna mana. Wata ta ce mini rabonta da kitso tun kafin hutu. Wata ta ce tukunya ta bari a wuta.

Na ja Yaya gefe. "Wai me ke nan kika gaya musu?"

"Abin da katin yake nufi. Ke da kika ba mutum lambar ajiya, zama kike so ya yi ya tsare kayan?"

Sai ga motar Hajiya ta tsaya, wata baƙa doguwa, ita ke tuƙi. Ta fito da waya a kunne, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara shida mai tabarau. Na goge hannuna a zane na nufe ta.

"Hajiya, barka da zuwa. Ga wuri, ga shayi, na ma haɗa miki..."

Ta ɗaga mini yatsa ɗaya alamar in dakata, tana ci gaba da magana kan wata motar kaya da ta maƙale. Yaya, da aikinta ya riga ya zauna mata a hannu, ta miƙa mata kati. Hajiya ta jefa shi a jaka ko kallo bai samu ba, ta shafa kan 'yarta, ta ce mini "Ina zuwa," ta shiga mota.

Haka na tsinci kaina da yara goma sha huɗu, manya biyu, da kujeru goma sha biyu babu kowa a kai.

Ba zan iya lissafa abin da ya faru cikin awa biyun nan a jere ba. Na san tagwayen sun yi dambe kan tauraro guda, alhali ga taurari cike da faranti. Na san wani yaro mai giɓi ya kafa bakin leda a bakinsa ya zuƙe shuɗin sukari kaf, harshensa ya koma kamar na wanda ya lashi biro. Wata ta ce fitsari, uku suka ce su ma. Na tare ƙofar baya da kujera saboda obin bai huce ba, kuma duk minti biyu sai na waiga in tabbatar kujerar tana nan. Kumatu tana jan zanena tana cewa, "Mama, ni fa nawa?" ina cewa bari ina zuwa, har ta gaji ta daina. Yaya tana tsakiya tana raba faɗa tana yi mini kirari.

"Uwar dabara. To ga iyayen nan sun cika wuri, a kawo musu shayi."

"Yaya, don Allah."

'Yar Hajiya ce kaɗai ba ta ba ni wahala ba. Ta zauna a ƙarshen tebur da lamba bakwai a ƙirjinta, ta ɗauki biskit ɗaya tana ɗiga masa ja a gefe-gefe, a hankali, harshe a waje. Can na hango ta tura wa Kumatu ledar rawaya tana nuna mata yadda ake matsawa.

Sha biyu ta yi, iyaye suka fara dawowa. Kowace ta tsaya a bakin ƙofa, ta nuna kati, ta karɓi ɗanta. Na riƙe farantin kek ina bin su da shi. Mai kitso ta ce hannunta da mai. Uwar tagwaye ta ce, "Wallahi na yi barcin da rabona da shi tun yaye." Uwar mai giɓi ta buɗe bakin ɗanta ta dube ni, na yi mata bayani har sau biyu cewa kalar abinci ce. Mutum ɗaya ce ta ɗauki yanka guda, ita ma ta naɗe a gefen mayafi ta ce za ta kai wa maigida.

Sha biyu da rabi, saura 'yar Hajiya. Na ce ba komai, hakan ma ya fi, in ta zo babu hayaniya sai mu yi magana a tsanake. Na share tebur, na gyara zaren kwalin.

Sai wata farar mota ƙarama ta tsaya. Wani mutum mai furfura a gemu ya fito ya yi sallama.

"Hajiya ta ce in ɗauko yarinya."

"Sannu Baba. Ina katin?"

"Wane kati kuma?"

Na nuna masa lambar da ke ƙirjinta. Ya ce shi ba a ba shi komai ba, direban gidan ne, an ce ya zo ya zo. Na durƙusa gaban yarinyar.

"Kin san shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ina jin sabon direba ne."

"Kina ji, ko kin sani?"

Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Na kira lambar Hajiya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Shi ma ya kira a gabana, ba a ɗauka ba. Ya ce shekaranjiya ya kama aiki, tsohon direban ya koma garinsu, Hajiya kuma tana can wajen taro da masu kawo mata kaya.

Yaya ta matso ta yi ƙasa da murya. "Ki ba shi yarinyar nan. Dubi mutumin, wannan ya yi miki kama da ɓarawo?"

"Ban san kamar ɓarawo ba, Yaya."

"Matar da kike bi wata da watanni ce fa. Ki ɓata mata rai yau, kin gama da kantin nan."

Na sani. Tun da ya ce ba shi da kati nake jin abin yana zame mini. Amma motar ba ta safe ba ce, mutumin ban taɓa ganinsa ba, yarinyar kuma ta kasa cewa eh. Na dubi Kumatu, tana zaune kusa da ita hannu duk rawaya. Da wata ce ta miƙa ta ga baƙo don kar ta ɓata da mai kuɗi, ba zan ƙara kallon fuskarta ba har abada.

"Baba, ka yi haƙuri. Ka je ka karɓo katin, yana cikin jakarta. Ko ta kira ni da bakinta."

"'Yar nan, kwana biyu da fara aiki a ce aike ɗaya ya gagare ni?"

"Ka ce ni ce na hana. Ka faɗa da ƙarfi, laifin nawa ne."

Ya girgiza kai ya tafi. Yaya ta zauna a ɗaya daga kujerun iyaye, ta zuba wa kanta shayi, ta yanki kek.

"Bari ni dai in zama uwar da ta zauna."

Minti arba'in muka yi. Yarinyar ta tambaye ni ko laifi ta yi, na ce ko kaɗan, na ba ta wani biskit ta yi wa kwalliya.

Da farar motar ta dawo, Hajiya ce ta fito daga baya. Ba ta ɗaga murya ba, na ma fi so da ta ɗaga.

"Ke ce kika taso ni daga taro?"

"Hajiya, na kira ki sau..."

Ta buɗe jakarta ta fara zube kayan a kan akwatin gilashina: makullai, turare, rasidai, caja. Ta zaro katin daga ƙasa ta ajiye.

"Ga takardarki."

Ni kuma, Allah ya sani ban yi da gangan ba, hannuna ne ya saba tun safe, sai na ɗauka na kara shi da na ƙirjin yarinyar na duba. Yaya ta mintsine ni a baya. Hajiya ta bi ni da kallo.

"Ya yi daidai?"

"Ya yi, Hajiya."

Ta juya ga 'yarta. "An ba ki abinci? Wani ya taɓa ki?" Yarinyar ta nuna mata biskit ɗin da ta yi. Hajiya ta duba, ta dubi ɗakin, kujerar da ta tare ƙofar baya, rigunan buhu da na ninke. Fuskarta ta ɗan saki. Na ga dama ce, na ɗauko kwalin da hannu biyu.

"Hajiya, dama na haɗa miki wannan. Iri shida ne. Na je kanti sau uku ban same ki ba, ina so ko za a gwada..."

"Biskit muna da mai kawo mana, shekara tara muna tare." Ta karɓi kwalin ta miƙa wa direba ba tare da ta kwance ba. "Ranakun aiki ma kina karɓar yara haka? Litinin zuwa Juma'a, har a koma makaranta. Ba ni da inda zan bar ta hankalina ya kwanta. Ki faɗi abin da kike so."

"Ni gashin biskit nake yi, Hajiya. Obin yana kunne tun safe, ba wurin yara ba ne. Yau ɗin ma don ku ɗanɗana na yi."

"To ki yi tunani." Ta kwashe kayanta ta mayar jaka. "Kina da lambata."

Na ce ba sai na yi tunani ba, ba zan iya ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta kama hannun 'yarta suka fita. Ta gilashin mota na hango direban ya ajiye kwalin a kujerar gefensa, ya ɗora hularsa a kai.

Yaya ta ce, "Kin ga kasuwa ta zo har ƙofa kin kore ta."

"Ba ita na buɗe shago don in yi ba."

"Asabar mai zuwa fa? Mata uku sun tambaye ni."

"Ki ce musu babu."

Na tattara kujerun na ɗora su kan juna, tela yana jiran teburinsa kafin azahar. Kumatu ta biyo ni da ledar rawaya da ta kusa ƙarewa tana neman abin da za ta matsa a kai. Biskit zalla ya ƙare, sai na yanka mata kek ɗin iyaye na zaunar da ita. Na kunna famfo na fara kankare busasshen sukari daga tire.