Liyarin Nababa

Muntaka ya kwance ƙullin tsumman a gaban Badaru, mai sayen tsofaffin kuɗi a kasuwar Bici. Liyari ne na azurfa mai kan mace, gefensa a gutsure kamar ɓera ya ciza.

Shekarar fari ta wuce da komai, har irin shuka sun daka sun sha kunu. Jiya kuma aka yi ruwa mai kyau. In bai koma gida da gero yau ba, laima za ta tafi ta bar gonarsu.

"Na kakana ne, Nababa maharbi," in ji Muntaka a hankali. "Hakimi ya cilla shi sama, shi kuma ya harbe shi da bindigar toka, ga inda harbin ya gutsure gefen."

Badaru ya yi dariya, ya yaye wani ƙyalle. Ga liyarai jere a faranti, kowanne da huda a tsakiya cif.

"Duk harbin kakanka ne waɗannan, samari. Masu zuwa daga birni ba sa tambayar kowa sai Nababa."

"Sau ɗaya ya yi, Alhaji. Kakata Inna tana wurin."

"To Inna ce za ta saya? Wa zai ba da kuɗinsa a kan maharbin da ya kusa kuskure? A haka, nauyin azurfa kawai zan biya. In ka yarda na huda, ka tafi da irin da zai ishe ka."

Muntaka ya dubi layin masu awo. Ƙafafunsa na zugi, tun asuba yake tafe, cikinsa ba komai. Ya tuna yadda Inna ta juya masa baya lokacin da take ciro tsumman daga ƙasan tukunya.

"A fara auna min," ya ce.

Sai da aka ɗaure bakin buhu sannan Badaru ya ɗora liyarin a kan kututture, ya saita ƙusa, ya ɗaga guduma. Ƙusar ta goce, ta tsaga kan matar ta fita ta gefe.

"Kai! Wannan azurfa da taurin kai take!"

Muntaka ya ɗora buhun a ka, ya gyara gammo.

"A ƙasa ma kenan, Alhaji," ya ce. "Shi a sama ya same shi."

Ya kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.