Fitilar da Yahuza Ya Ɗaure

Bayan sallar isha'i maciji ya sari Hidaya a gindin rumbu, ta je ɗebo wa uwarta gero. Shekararta tara. Mai maganin da aka kira ya duba wurin saran, ya ga idanun yarinyar sun fara nauyi, ya ce gamsheƙa ce, sai asibitin Birnin Kudu, kuma yanzu-yanzu.

Ubanta Yahuza direban Alhaji Ɗanbala ne, mai sayen hatsi a Fagam. Da Yahuza ya je masa da labarin, Alhaji bai tsaya tambaya ba, ya miƙo makullin sabuwar motar da ɗansa ya aiko masa daga Kano.

Motar nan kuwa da labarinta. Akwai na'ura a cikinta da take karanta hanya, kafin direba ya murɗa sitiyari sai fitilun gaba su riga shi karkatawa, su haska cikin kwana. Ɗan Alhaji ya yi wa Yahuza wannan bayani a waya dalla-dalla. Yahuza ya ce to, ya kashe waya, ya ja tsaki. Shekara ashirin da biyu yana tuƙi, wai yau fitila ce za ta nuna masa kwana! A wurinsa duk abin da ya motsa a jikin mota ba da izinin direba ba, kwancewa ya yi. Ya kai motar Gwaram wurin Ƙasimu mai gyaran wayoyin mota, aka tsinke wayar na'urar, aka cusa guntun roba aka danne fitilun suna kallon gaba ƙyam. Sati guda yana cika baki a tasha cewa ya gyara abin da masu ƙirar suka kasa.

Yanzu ga shi yana gudu, matarsa Nasiha a baya da yarinyar a cinya.

"Malam, numfashinta sama-sama yake," in ji Nasiha.

"Riƙe ta dai. Ai mun wuce Gwaram."

Lokacin kaka ne. Manoma kan baza shinkafa a gefen kwalta ta bushe, su jera manyan duwatsu kada mota ta taka, wasu su lulluɓe ta da buhuna su bar ta ta kwana a nan. Yahuza ya san haka sarai, amma ƙafarsa ta ƙi barin totur.

Da hanya ta lanƙwasa, hasken ya miƙe ya faɗa cikin gonar dawa, ya haska kara tar kamar da rana, ya bar kwaltar cikin duhu. Yahuza ya murɗa sitiyari bisa sabo. Sai ƙara. Motar ta hau duwatsu, taya ta fashe, ƙafar gaba ta karye, shinkafa ta watsu a kan gilashi.

Babu wanda ya ji ciwo. Ya kira Alhaji, Alhaji ya ce zai turo mai babur, amma Fagam ta yi nisa. Hanya shiru, ko keke babu. Yahuza ya goya Hidaya ya kama gudu, Nasiha na biye tana haska masa da wayarta.

"Baba, ƙishirwa," in ji yarinyar, da ƙyar.

"Yanzu za ki sha, uwata. Mai sanyi ma."

Ya yi ta yi mata magana yana haki. Ya ce zai saya mata takalmin Sallah, zai kai ta Kano ta ga gada a kan gada. Can ya ji hannuwan da ke wuyansa sun saki, kanta yana bugun kafaɗarsa. Bai daina maganar ba, ya ƙara sauri.

"Malam, tsaya," in ji Nasiha.

"Mun kusa. Ga hasken garin can."

"Malam, don girman Allah ka tsaya. Sauke min ita in rufe mata ido."