Audugar Matashina

Babban ɗana ne ya ɓata mini suna, shi da tabaransa da karatunsa. Shi ya yaɗa wa dangi cewa na fara ruɗewa. Ni da na goya shi yana jiƙa mini baya, yau ni yake riƙe wa hannu in za mu tsallaka titi, yana yi mini magana a hankali kamar mai lallashin ɗan yaye.

Zomaye suka jawo. 'Yarsa, takwarata, ta ga zomo a gidan ƙawarta ta dawo tana kuka, shi kuwa ya sayo biyu, ya kafa musu keji a lambun bayan gida. Na tambaye shi amfanin dabbar da ba za a ci ba, ba a tatsarta, ba ta gadi. Ya ce ado ne. Adon nan ya cinye latas ɗin matarsa, ya mai da tiyon ban ruwa rariya, ya cika ciyawa da kashi kamar an watsa masoro. Takwarata ta shafa su na ɗan lokaci, ta gaji. Shara da canjin ruwa suka dawo kaina. Da kejin ya fara wari aka riƙa sakinsu da rana.

To, ina da matashin kai na auduga, ni na ɗinka shi tun ɗan nan nawa injiniya bai zo duniya ba. Kullum da safe nakan ɗora shi a benci a lambu ya sha rana. Sai na ga yana ramewa. Na faɗa wajen karin kumallo, surukata ta ce ai auduga in ta tsufa kwanciya take yi. Na ce kwanciya daban, tafiya daban. Bayan nan safata guda ta ɓace daga bencin, sai ƙullin zaren saƙa. Na ce akwai ɓarawo a gidan nan. Suka kalli juna. Na gan su.

Ran nan ɗana ya ce in shirya a duba mini gwiwa. Likitan ko kallon gwiwar bai yi ba. Ya tambaye ni yau wace rana ce, ya ce in lissafo 'ya'yana. Na lissafo su har da halin kowa, na fara da wanda ke zaune kusa da ni. Duk da haka, muna dawowa aka hana ni kunna risho, aka hana ni zuwa kasuwa ni kaɗai. Ya buga wa ƙannensa da sauran dangi waya. Ƙanwata ta zo da lemo a leda tana share ido, tana tambayata ko na gane ta.

Da na ga abin ya kai haka, na shanya matashin, na koma bayan ƙofar kicin na zauna. Can sai ga zomanyar, farar, tana ɗan tsalle kamar ba ruwanta. Ta hau benci, ta cusa baki ta ƙasan ɗinkin, ta fito da auduga cike da baki kamar tsoho mai gashin baki, ta nufi bayan tankin ruwa. Na bi ta da gwiwar da likita bai duba ba. Rami ta haƙa. A ciki ga audugata, ga safata, ga zarena, ga gashin da ta tuge daga ƙirjinta. A tsakiya kuma 'ya'ya ne jajur, ko gashi babu, suna motsi kamar yatsu.

Na tara gidan gaba ɗaya. Ɗana ya durƙusa da wandon ofis ya leƙa, ya ɗago yana dariya har tabaransa na zamewa. Takwarata ta hau raɗa musu suna. Surukata ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi. "Gobe zan sayo miki matashin soso, babba."

Na ce ya riƙe sosonsa. Audugar ma na bar wa mai jego; ni ma na haihu, ba zan janye shimfiɗa daga ƙarƙashin jarirai ba. Ita dai ta yi sata don 'ya'yanta. Shi fa da ya ɓata mini suna, don wa ya yi?

Yanzu risho na nan a kulle, ƙanwata na can tana yi mini addu'ar samun sauƙi, shi kuwa yana tsugune a lambu yana ɗaukar zomaye hoto da kyamara. Ga wayarsa na ɗauko, na miƙa masa.

"Ka kira duk wanda ka kira, ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe murya ina ji. Likitan ma za mu koma. Ka faɗa musu da bakinka wanda ya ruɗe a gidan nan. Fara da ƙanwata."