Yawun Baba Tela a Kan Gilashi

"Baba, don Allah ka daina lasar yatsa. Ba takarda ba ce, gilashi ne."

Baba Tela ko ɗagowa bai yi ba. Ya sake kai yatsa baki, ya dangwala a fuskar na'urar, shafi ya juya. "To ba ga shi ya juya ba? Da yawu nake buɗe littafi tun ba a haifi uwarki ba."

'Yar Jami'a, haka yake kiranta, ta karɓi abarta ta goge da gefen mayafi tana ƙunƙuni. Ɗakin hayarta na kallon nasa, tsakar gidansu ɗaya. A cikin wannan na'urar karatun ta tara littattafan kwas ɗinta na kimiyyar ƙasar noma, da 'yan labaran ɗebe kewa. Tsautsayi ne ya sa ta nuna masa ana iya ƙara girman rubutu. Mutumin da ido ya raba shi da zare da allura ya ga harafi ɓaro-ɓaro, ai shi ke nan. Daga ranar ita ta koma mai aro.

Labarin wani attajiri da aka tsinci gawarsa a ɗaki ya kama. Da yake 'yan kalmomi kaɗan ke cika masa shafi, sai ya riƙa yi wa matarsa Inna burga wai ya fi 'yan jami'a cin shafi.

Wata rana ya ƙwala wa yarinyar kira, fuska a murtuke. "Wannan Naitirojin ɗin ban yarda da shi ba. Tun da ya shigo labarin ba a sake maganar gawar ba."

Ta duba. Jiƙaƙƙen yatsan ya zame ya kai shi littafin takin zamani, har ya ci babi guda.

Da aka mayar da shi hanya, zarginsa ya koma kan likitan da ke cikin labarin. "Duk mai rubutun da ba ya karantuwa, akwai abin da yake ɓoyewa."

"Akwai tela ma a ciki fa, Baba."

"Tela ba ya kisa. Iyakacin muguntarsa ya ce ki dawo jibi."

Suka yi alkawari, duk wanda ya riga gamawa ba zai gaya wa ɗan'uwansa ba.

Sai tari ya sa shi gaba, ƙafafu suka kumbura. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, Inna ta shigo tana share ido da bayan hannu, shi kuwa na'ura ya fara tambaya.

"Aibin abin nan ɗaya ne," ya ce. "Littafin takarda, yatsa ke gaya maka saura nawa. Wannan ba shi da kauri, ba ka san inda ka kai ba."

Akwai 'yar alama a ƙasan shafi da ke nuna hakan. Ta leƙa, ta ga da sauran tafiya, ta dubi wuyansa da ya rame. Tsoro ya kama ta kada ya tafi bai san wanda ya yi kisan ba.

"In tsallaka maka zuwa ƙarshe?"

"Kin taɓa ganin an fara riga daga kalmasa?"

Jarrabawa ta zo, duk littattafanta na cikin na'urar. Ya miƙo mata. "Ɗauki, karatunki ya fi." Ta shirga masa ƙarya wai ta gama bita tuni, ta bar masa na'urar, ta koma ɗaki tana ƙura wa fasasshiyar wayarta ido har kanta ya yi ciwo.

Ranar jarrabawar ƙarshe ta dawo ta tarar da takalma jibge a ƙofarsa. Ba ta buƙaci a faɗa mata ba. Inna ta jawo ta gefen keken ɗinki, ta sa mata na'urar a hannu, naɗe cikin ƙyalle.

"Inna, ya sha wuya?"

"A'a, 'yar nan, sai dai ya ɗan yi sambatu. Da hantsi ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi, yana ta cewa, 'Tela ne! Ashe tela ne! Ɗan'uwa ya zubar mana da mutunci.' Na ce wane telan? Ya ce kul na gaya miki."

Dariya ta ƙwace wa 'Yar Jami'a a tsakiyar masu kuka, mata suka juyo suna kallonta, kafin ta ankara dariyar ta koma abin da kowa ke yi.

A ɗakinta ta warware ƙyallen ta kunna. Shafin ƙarshe ne, da manyan haruffansa. A kusurwar dama ga tambarin yatsa nan ya bushe a kan gilashi. Ta kama gefen mayafi, ta riƙe shi jim, sannan ta sake shi.